Shekarar da Na Hana Ummanku Zuwa Indiya

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na wurin. Ba wanda ya kawo mini tsegumi. Gidan nan namu na Gyaɗi-Gyaɗi ƙarami ne, kunnena kuma bai tsufa kamar gwiwata ba. Kuna cewa Baba ne ya hana a kai Umma Indiya a yi mata dashen ƙoda. Ga biza ta fito, ga mai ba da ƙoda a tsaye, ya ce bai ba da izini ba, aka zauna ana kallonta har ta rasu. Ban zo in musanta ba. Na faɗa da bakina, a falo, kuna zaune. Abin da ba ku sani ba shi ne wanda ya sa mini maganar a baki, da dalilin da ya sa na karɓa. Shi ya sa a wannan babi na tarihin rayuwata zan tsallake makarantun da na koyar da garuruwan da aka yi ta jefa ni, in tsaya a kan shekara ɗaya. Na rubuta shi dominku duka, amma ke Bilkisu, ke nake kallo.

Sai na fara da maganar fim, domin a kanta kuka gina hukuncinku. Ni mutumin dandamali ne. Duk makarantar da aka kai ni koyar da adabi, kafin a nuna mini ofis na tambayi inda ƙungiyar wasan kwaikwayo take, in babu in kafa. Labulenmu barguna biyu ne da aka aro daga ɗakin kwanan ɗalibai, fadar sarki kuma teburin shugaban makaranta ne da aka lulluɓe da zane. Abin da nake so a wasan dandamali shi ne ba a cewa a sake. Ɗan wasa yana tsaye a gabanka yana gumi. In ya manta maganarsa, ko dai ya ceci kansa a nan take, ko ya nutse kowa yana gani. Fim kuwa, musamman na Indiya da 'ya'yansa na gida da suka gaji komai nasa har da ruwan sama, ban taɓa samun hanyar shiga cikinsa ba. Katti biyu da hankalinsu suna zagaya bishiya. Yarinya ta fara waƙa da shuɗin kaya ta ƙare da ja, ba a ga inda ta shiga ta sauya ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na soyayya mai barkwanci, inda saurayi da budurwa za su fara da faɗa, kowa a ɗakin ya san aure za a yi in ban da su biyun, a kwashe yini ana jan rigimar da tambaya ɗaya za ta kashe. Kuma a kowanne akwai wani uba mai gashin baki da aikinsa kawai ya buga ƙafa ya ce a'a. Na sha cewa duk marubucin da ya rasa abin rubutawa sai ya ɗauko wannan uban.

Ummanku, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa neman ra'ayina ba, ni ne nake bayarwa kyauta. Tun zamanin da ake hayo kaset a shagon bakin titi take kallo, aka koma faifai, aka zo zamanin masu fassara da ke sa Ba'indiye ya yi rantsuwa irin ta 'yan Kano, har abin ya shige cikin waya. Abokiyar kallonta maƙwabciyarmu ce, Mama Rifkatu, mutuniyar Kudancin Kaduna, tsohuwar nas, wadda takan shigo bayan la'asar da soyayyar gyaɗa a ƙullin leda. Ni kuma in zauna a gefe da jarida, wai karatu nake yi, ina jefa magana.

"Yanzu wannan mutumin ba shi da aikin yi ne? Tun da aka fara ban ga ya je ofis ba."

"Malam, ga ƙofa can. Ba a ɗaure ka ba," in ji Ummanku, idonta a kan talabijin.

"Jira nake in ga ko yau za su yi hankali."

Mama Rifkatu ta ce, "Baban Bilkisu, shekara nawa kana wannan jiran? Jaridar ma a juye ka riƙe ta. Kai ma so kake, girman kai ne ya hana ka."

Ba so nake ba, kuma jaridar daidai take. Amma ban tashi ba.

Kun ji yadda Mama Rifkatu take kirana, Baban Bilkisu, bakinta sake. Ummanku ba ta iya wannan. A cikin gari aka haife ta, a gidan da kunyar ɗan fari doka ce: uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta jira wani ya ɗaga shi. Yanzu abin ya ja baya, ku 'yan zamani kuna ɗaukarsa labari, amma ita da shi aka gina ta. Bilkisu a bakinta "waccan" ce, ko "yarinyar nan", bayan aure kuma ta zama "ta Tarauni". Kai Nasiru kuwa, da ka zo na biyu, sunanka har waƙa ake yi da shi. Ina gani za ta tsamo tsokar da ta fi kyau a miya ta ba ka ta ce, kai wa waccan, kada ka ce ni na bayar. Kai kuma ba ka faɗa, wani lokacin ma ba ka kaiwa. Bilkisu tana sakandare ta same ni ina duba takardun jarrabawa ta tambaye ni ko da gaske Umma ce ta haife ta. Na yi mata bayani mai kyau irin na aji, da asalin al'adar da manufarta. Ta saurara, ta ce ta gode, ta tashi. Na ba ta amsar da za ta ci maki a jarrabawa, amma ba ita ta zo nema ba.

A shekarar da nake magana, ciwon sugan da Ummanku ta daɗe tana fama da shi ya taɓa ƙoda. Ƙafa ta fara kumbura, abinci ya daina shiga, aka sa ta a layin wankin ƙoda. Muka zama 'yan gidan asibiti, masu adaidaita sahu na bakin layinmu suka daina tambayarmu inda za mu. Likita ya ce wankin zai riƙe ta na wani lokaci, amma abin da zai ba ta shekaru shi ne dashe, in an sami ƙodar da ta dace, kuma bai yi mana alkawarin komai ba. Kuka je aka gwada ku. Ta Nasiru ba ta dace ba. Ta Bilkisu ta dace. A lokacin ba ta daɗe da tarewa a Tarauni ba, ta yi aure a makare saboda karatu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Likita ya gaya mata a gabanmu cewa in ta bayar sai ta dakata da ɗaukar ciki, kuma ko bayan nan sai an riƙa sa mata ido. Ta ce ta ji. Mijinta ya ce ya amince. Ban taɓa ganin wanda za a yanka yana murna haka ba. Na fahimci murnar: a karon farko tana da abin da za ta miƙa wa uwarta hannu da hannu, ba ta hannun ƙane ba. Nasiru ya shiga ya fita, aka zaɓi wani asibiti a Indiya, aka yi fasfo, biza ta fito. Mama Rifkatu ta shigo tana tafa hannu.

"Hajiya, ashe da rabon za ki ga 'yan fim ɗin nan ido da ido! In kin je ki ce ina gaisuwa. Ki duba mini bishiyar nan ma, ko tana nan."

Ummanku ta yi dariya har da tari. Amma na lura ba ta ce komai a kan tafiyar ba, ko kalma ɗaya, alhali matar nan in za ta je biki Hotoro sai an yi mako ana jin labarin atamfar da za ta ɗaura.

Wata ranar Laraba muka dawo daga wanki, ta yi la'asar a zaune. An ɗauke wuta, don haka ba kallo, Mama Rifkatu ma ba ta shigo ba. Tana kwance a doguwar kujera ina mata fifita, sai ta ce,

"Malam, ba zan je ba."

"Tsoron jirgi kike?"

"Da jaki na je Makka?"

"To mene ne?"

"Ba zan karɓi ƙodar yarinyar nan ba. Kana wurin likita ya yi magana. Ko haihuwar fari ba ta yi ba. Ni na yi aurena, na haifi nawa, na aurar. A yanka mai sabon gida don a ƙara wa tsohuwa 'yan shekaru, waɗanda su ma ba tabbas?"

Na ce ai wannan magana ce mai ma'ana, ta kira ta ta gaya mata. Ta ɗago ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya maimaita aji.

"In ce mata me? In na ce ba na so kawai, cewa za ta yi ko ƙodarta ma ba na ƙauna. Da wannan za ta zauna har ta mutu. In kuma dalili zan faɗa mata... Bakina ba zai iya ba, Malam. Sunanta ma ban taɓa faɗa ba, sai in fara da wannan? Ina buɗe baki kuka zan yi. Ina yin kuka ta gama da ni, sai dai ka gan mu a filin jirgi."

Na ce mata, cikin wasan da na saba, ke da kika shafe rayuwarki kina kallon mutane suna hawa kan dutse suna shelanta abin da ke ransu da ganga da sarewa, yau jimla ɗaya ta gagare ki?

"Shi ya sa nake kallon," in ji ta. "Su suna iya faɗa."

Na ajiye mafici. Shekarun da na yi ina sharhi a gefen matar nan, ban taɓa tambayarta abin da take gani a ciki ba.

Sai ta shimfiɗa mini shirinta, kuma a shirye yake tsaf, da alama ta daɗe tana juya shi. Mace ba ta tafiya sai da izinin mijinta. Wannan ba wanda zai ja da shi, ko 'ya'ya ko dangi. Ni zan tara ku in ce ban yarda ba. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce abin da Malam ya ce shi ke nan.

"Za su tsane ni, Rabi."

"Za su ji haushinka. Kai kana da lokacin da za ka gyara. Ni ba ni da shi. Kuma ba kai kake cewa 'yan fim ba su iya wasa ba? To ga dandamali nan, ka nuna mana."

Kada ku ɗauka a ranar na yarda. Na yi ta jayayya da ita kwana da kwanaki. Na kawo mata labarin waɗanda suka ba da ƙoda suka haihu lafiya. Na ce ina son ta rayu, kuma na faɗa mata haka ƙarara, ni da ba a san ni da irin wannan magana ba. Na ce Bilkisu babba ce, ita ta zaɓa. Ta bar ni na gama duka, sannan ta ce in na ƙi, za ta bi ku, ba za ta yi gardama ba. Za a yanka yarinyar, ita kuma ta rayu tana jin ƙodarta a cikinta. In wani abu ya sami yarinyar a wajen haihuwa, to in san cewa ni zan zauna da abin da zai rage na Rabi. Na san matata. Ba barazana take yi ba, labari take ba ni. Jikinta ne, kuma 'yarta ce. Na ce na karɓa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tara ku, ban ko cire babbar riga ba, domin na san tufafi rabin wasa ne. Na zaɓi dalilan da na san ba su da ƙarfi amma ba a iya rusa su, irin na tsoho mai taurin kai. Na ce ba za a kai mini mata ƙasar da ba mu da kowa a yanka ta ba. Na ce in ajali ya zo ya same ta a ɗakinta, ba a dawo mini da ita cikin akwati ba. Nasiru, ka miƙe tsaye ka yi ta kawo hujja, har ka manta da wa kake magana ka sa Turanci, abin da ba ka taɓa yi mini ba. Na bar ka ka gama na ce na ji, ban yarda ba. Bilkisu ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabana.

"Baba, ƙodata ce fa. Ni na ce na bayar."

"Ƙodarki ce. Ita kuma matata ce."

"Umma, ki yi magana mana!"

Ummanku tana kallon ƙasa ta ce, "Abin da Malam ya ce."

Na koyar da wasan kwaikwayo tsawon aikina, ban taɓa ganin wanda ya faɗi layi ɗaya da kyau kamar haka ba. Ni da na san gaskiya ma sai da na ji tausayin matar da mijinta ya danne. Bilkisu ta juyo ta dube ni, idonta a bushe.

"Baba, don Allah ka gaya mini. Saboda Indiya ce? Saboda fina-finan nan da ka tsana?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. In na ce a'a, za ta ce to saboda me, a sake buɗe maganar, kuma ban tabbata zan iya riƙe fuskata zagaye na biyu ba. Sai na yi shiru na tashi na shiga ɗaki. Wannan shirun shi ya zama tarihin gidanmu: Baba ya bar Umma ta mutu saboda ba ya son fim ɗin Indiya. Abin dariya ne in a bakin wani ka ji shi.

Aka yi ta turo mini mutane. Kawunku ya zo daga cikin gari ya yi nasiha, ya yi faɗa, ya fita bai yi sallama ba. Limamin unguwa ya ce izini haƙƙina ne, amma ba a ba miji shi don ya cutar ba. Na ce na gode, Allah Ya saka. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗi da ya faɗa. Mutum ɗaya ce ba ta zo da nasiha ba. Mama Rifkatu ta tare ni a ƙofar gida ina dawowa daga sayen magani, ta tsaya tana dubana kamar mai neman jijiya.

"Baban Bilkisu, na yi aiki a asibiti har na gaji. Na san fuskar mijin da ba ya son a kashe wa matarsa komai. Taka ba ita ba ce. Hajiya ce, ko?"

Na ce ban san abin da take nufi ba.

"To. Ni ma ban ce komai ba. Allah Ya ba ka ƙarfin wuya."

Har ta koma garinsu ba ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta fasa shigowa da gyaɗarta ba.

Watannin da suka biyo baya na kalli fina-finai fiye da duk abin da na kalla a rayuwata. Idon Ummanku ya fara dushewa, don haka a wajen wanki ni nake riƙe mata waya kusa da fuska, a gida kuma in zauna kusa da ita ina gaya mata abin da ke faruwa: ga shi ya shigo, ga ta ta ɓuya bayan labule, an fara ruwa, sun jiƙe, ba wanda ya yi tunanin laima. Ba zan yi muku ƙarya in ce na koma sonsu ba. Har yau ina ganin yawancinsu sun fi ƙarfin haƙurin mai hankali. Amma na daina zagin uban nan mai gashin baki. Na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: in ya buga ƙafa ya fita, kyamara tana tsayawa ne a kan masu kuka, ba a taɓa bin sa ɗakinsa a ga abin da yake yi ba.

Akwai abu ɗaya da wasan namu ya haifar wanda ko ita mai shirya shi ba ta hango ba. Bilkisu ta riƙa zuwa daga Tarauni kullum. Ni gaisuwa ce kawai tsakaninmu, amma uwarta ta zama tata. Ita ke mata wanka, ita ke shafa mata mai a ƙafa, ita ke taje mata kai. Da can Ummanku ba za ta yarda ba, cewa za ta yi a kira wani. Yanzu da yake an haɗu a kan zaluncina, sai ta miƙa ƙafar kawai. Ina daga ɗaki ina jin su suna kallo tare, Bilkisu tana tambayar wane ne wannan, uwar tana ba ta tarihin kowa har da kakanninsa. Wata rana na ji suna dariya su biyu, irin dariyar da ban taɓa ji a gidan nan ba. Da na fito suka yi shiru. Na koma ciki, don na ga fitowata ce ke ɓata abin.

Kafin ruwan farko na shekarar aka kwantar da ita. Da hantsi, ranar da ta rasu, Bilkisu ta fita karɓo magani, daga ni sai ita. Ta sa na maimaita mata alkawari: kada in faɗa muku tana raye, kuma bayan ta tafi in jira sai yarinyar ta haihu lafiya. Na ce na ji. Ta lumshe ido har na zaci barci ne. Sai ta ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe ana hana ta,

"Bilkisu ta karya kuwa? Tun asuba take tsaye."

Na ce zan tabbatar ta ci. Ban nuna na ji komai ba, don kada ta ji kunya. Da kika dawo da maganin, Bilkisu, na ce ki je ki ci abinci, kika ce ba kya jin yunwa, ba ki ko dube ni ba. Ba ta kai azahar ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A zaman makoki dangin Ummanku suna miƙa mini hannu suna kallon wani wajen. Nasiru ya huce a hankali, irin hucewar maza, wadda ba a tada magana ba a kuma manta ta. Bilkisu ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Duk Juma'a tana zuwa da abinci mai kyau a kula. Ta durƙusa a bakin ƙofar falo ta ce Baba ina wuni, ya jiki, akwai abin da ake buƙata? In ce babu. Ta ce a tashi lafiya. Tun ranar da aka ɗauki Ummanku daga gidan nan ba ta zauna a falon ba. Ta haihu lafiya, ta sake haihuwa, ina ganinta ta taga tana rungume 'yar farinta a gaban kowa tana kiranta da sunaye kala-kala, in ce a raina, to, wannan dai ta tsira.

Sharaɗin ya cika tun tuni, kuma za ku tambayi abin da ya sa na kai yanzu. Na sha shirya maganar, amma ba magana ce da ake faɗa wa mutum yana durƙushe a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu ba. Sannan na ji tsoro. Haushina da kike ji, Bilkisu, shi kika dogara da shi kika miƙe bayan rasuwar, kuma in na karɓe shi, abin da zan ba ki a madadinsa ba mai sauƙi ba ne: uwarki ce ta ƙi. Na yi ta auna ko za ki ji shi a yadda ta ji tsoron za ki ji. Amma kwanan nan likita ya fara yi mini magana a hankali yana zaɓen kalmomi, na kuwa san wannan muryar, na taɓa jin ta a gefen gadon Ummanku. Ba na so in tafi da abin da yake naki. Ba ta ƙi ƙodarki don ba ta ƙaunarki ba. Ta auna ranta da haihuwarki, ta zaɓi haihuwarki, kuma ba ta yi jinkiri ba. Ni ne na yi ta ja.

Ko daidai muka yi, ban sani ba. Akwai ranakun da nake cewa da na ƙi, da wataƙila tana nan zaune tana korata daga falo, ke ma kina lafiya da 'ya'yanki. Akwai ranakun da nake ganin yaran nan suna guje-guje a tsakar gida in ce ta fi ni gani. Ba mai ba ni amsa, kuma na daina nema. Ba yafiya nake roƙo ba, domin da za a mayar da ni wannan Larabar, ita a kwance tana dubana, abin da na yi shi zan sake yi. Ba kuma so nake ki mayar da haushin kanta ba. Ba ta da bakin kare kanta, dama can ba ta da shi.

Abu ɗaya nake nema. In kin karanta wannan, ranar Juma'a ki shigo ciki. In har yanzu kina ganin da laifina, ina da kunnen ji, kuma ba zan kawo hujja ba. Amma ki faɗa mini a zaune.